Murya Ɗaya Gare Ka

Ranar wata Lahadi bayan la'asar, wani yaro da nake koya wa waƙa ya same ni a ƙofar gida. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa yana murmushi. "Kawu, duba ka ga yadda makon nan ya cika." Na karɓa na duba. Litinin gwajin murya a wani sitidiyo da ke Titin Gidan Zoo. Talata zai yi amshi a waƙar wani. Laraba kamu, Alhamis dina, duka biyun shi ne emsi. Juma'a sai mota zuwa Maraɗi, Asabar wasa a can, Lahadi kuma ana jiran sa a Kaduna wajen wata walima. Na taya shi murna har cikin zuciyata, domin na san shekarun da ya kwashe ko taron suna ba a kiran sa. Amma da na mayar masa da wayar sai na ce, "To, a cikin kwana bakwai ɗin nan, wace rana ce za ka yi shiru?" Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake yi.

Ba wasa nake yi ba. Ku ƙannena da 'ya'yana, maza da mata, da kuka zaɓi cin abinci da murya, irin wannan mako shi ne abin da kuke roƙon Allah ya kawo, kuma ina roƙa muku shi. Sai dai na ga mutane da yawa da rashin aiki bai kayar da su ba, cikar aiki ce ta kayar da su. Mai keken ɗinki in allura ta karye sai ya canja wata. Direba yana da tayar ajiya a but. Kai kuwa murya ɗaya gare ka, da ita za ka shiga Litinin, kuma ita ɗin ce dai za ka kai Lahadi.

Mu fara da gwaji, tunda nan ne ƙofa. Na zauna a teburin alƙalai sau da dama, kuma abin da nake gani ba ya canjawa. Tun ƙarfe bakwai na safe layi ya miƙe har bakin titi, an raba lamba, rana ta fara cizo. Sai ka ga samari sun yi da'ira a gindin darbejiya, kowa yana ƙure murya don ya nuna wa 'yan'uwansa shi ma ba baya ba ne. Awa huɗu ana haka. Kafin a kira lambar mutum ya riga ya rera waƙarsa sau ashirin ga mutanen da ba su da ta cewa a sakamako, sai ya shigo gabanmu da ragowar murya.

Akwai wata yarinya da ban manta da ita ba. Gefe guda ta zauna da gorar ruwa a cinya, ta rufe hanci da bakin mayafi saboda ƙurar hunturu, ba ta ce wa kowa uffan ba. Da aka kira ta, ta yi sallama, ta faɗi sunanta da unguwarsu, ta ce waƙar tata ce, kuma ba ta buƙatar kiɗa. A baiti na biyu numfashi ya ƙwace mata. Ta tsaya, ta ce, "A gafarce ni," ta ja iska, ta ɗora daga inda ta tsaya, ba ta koma farko ba, ba ta tsaya kame-kame ba. Akwai waɗanda suka fi ta zaƙin murya a ranar. Ita muka ɗauka, domin mun ga abin da za ta yi ranar da makirufo zai ɗauke mata a gaban mutum dubu.

Abin da ya fi gajiyar da alƙali shi ne kwaikwayo. A yini ɗaya sai ka ji Hamisu Breaker ba adadi, ka ji Umar M. Shareef, ka ji Nura M. Inuwa, alhali ko ɗaya daga cikinsu bai shigo ɗakin ba. Koyi da na gaba ba laifi ba ne, kowa da haka ya fara. Musa Ɗanƙwairo a gidan kiɗa ya tashi, ya daɗe yana amshi a bayan manyansa kafin ya ja nasa ayarin, kuma har ya rasu a 1991 in ya buɗe baki ba wanda yake tambayar wane ne. Koyo ya yi, sannan ya fito da abin da yake nasa. Wanda ya matse maƙogwaro don ya yi kama da wani ya yi asara biyu: alƙali bai ji shi ba, kuma ya wahalar da muryarsa a inda ba mazauninta ba. Ka zaɓi waƙar da za ka iya rerawa da asuba kafin ka sha shayi, ba na'urar gyaran murya, ba fiyano. Wannan ita ce taka.

Sai gargaɗi, kuma ina so 'yan mata su saurara da kyau. Gwajin gaskiya da rana ake yin sa, a wuri sananne, a gaban mutane fiye da ɗaya. Duk wanda ya ce ki zo ke kaɗai da daddare a ɗakin otal don ya "ji muryarki sosai", ba muryarki yake nema ba. Ki tafi da yayanki ko ƙanwar mahaifiyarki, kuma a gida a san inda kike. In an miƙo takarda a sa hannu, ku ce za ku tafi da ita gida ku karanta. Mai gaskiya ba zai hana ba. Da yawa sun sayar da waƙoƙin shekara biyar a kan kuɗin da bai kai na waya ɗaya ba, saboda ɗokin a ce an ɗauke su.

Yanzu mu zo kan aikin emsi, wanda matasa suke ɗauka hutu ne tunda ba waƙa ake yi ba. Wallahi ya fi waƙa cin murya. Mawaƙi yana hawa ya yi minti arba'in ya sauka. Mai gabatarwa kuwa tun isowar baƙon farko yake magana har a raka amarya mota, awa huɗu ko biyar, yana gasa da ƙarar janareta, da lasifikar mai saka kiɗa, da hayaniyar 'yan rabon abinci. Ba ya jin kansa, don haka yana ƙara ɗaga murya ba tare da ya sani ba. In ka isa wuri da wuri, ka tsaya da mai kayan sauti, a juyo maka lasifika ɗaya ta fuskance ka, a rage kiɗa duk lokacin da za ka yi magana, ka ceci rabin muryarka tun kafin a fara. Makirufo an yi shi ne don kada ka yi ihu. Ka matso da shi kusa da baki, ka yi magana kamar kana hira da mutum ɗaya.

Wannan sana'a ba sabuwa ba ce a wajenmu, suna kawai ta canja. Sanƙira da maroƙi su ne suke riƙe da taro tun kafin a kawo lantarki, kuma jarinsu sanin mutane ne: wane ɗan wane, jikan wane, wace sarauta ce a gidansu, wa ya girmi wa. Kai ma jarinka ke nan. Kwana ɗaya kafin taro ka nemi wanda ya san dangin biyu, ka zauna da shi da biro da takarda. Ka rubuta sunaye yadda ake faɗarsu. Ka san wace ce uwar amarya, wace ce kishiyar uwa, wace ce gwaggon da ta riƙe ta tun tana ƙarama, domin in ka kira ɗaya ka tsallake ɗaya ka tayar da rigimar da za ta fi auren daɗewa. Kada ka kira Hakimi da Dagaci, kada ka kira Hajiya da sunan yanka a gaban surukanta. In lokacin salla ya yi ka sanar, a tsaya.

Kuma ranar ba taka ba ce. Na ga emsin da yake mayar da dina dandalin barkwancinsa, yana zolayar ƙawayen amarya har su sunkuyar da kai, yana kiran sunan mutum a lasifika ya ce bai fito liƙi ba. Ba ka san abin da ke aljihun bawan Allah ba, wataƙila kuɗin motar da ya kawo shi ma rance ne. Za a yi dariya a lokacin, amma gidan ba za su sake kiran ka ba, kuma ba za su gaya maka dalili ba. Batun liƙin ma akwai doka a kansa. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta a wajen biki, hukuncin kuwa ɗaurin da bai gaza wata shida ba ne ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun, kuma hukumar EFCC tana gurfanar da mutane a kan haka. Kowa yanzu yana da kyamara a hannu. Mai hankali yakan sa a ajiye faranti ko kwando, ya roƙi jama'a su zuba a ciki.

Bari in gaya muku abin da ke faruwa a cikin maƙogwaro, domin wanda ya sani ya fi tausaya wa kansa. Murya tana fitowa ne daga wasu 'yan tantani biyu da tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba. Iska ta taso daga huhu ta ratsa tsakaninsu, sai su riƙa haɗuwa suna rabuwa, sama da sau 100 a kowane sakan a wajen namiji, kimanin sau 200 a wajen mace, in an hau sama a waƙa kuma ya ninka haka. Ka lissafa awa biyar na dina. Kamar tafin hannun da ya yini yana tafi, haka suke kumbura, kuma kumburin ne dishewar da kake ji da safe. In ka ci gaba da tilasta su a kumbure, a hankali sai su yi kanta irin ta hannun manomi, muryar sama ta tafi, wani lokaci sai an kai ga aikin likita.

Na san abin da za ku ce: citta, kanumfari, zuma da lemon tsami. Ina shan su, suna da daɗi, suna sanyaya maƙoshi. Amma abin da ka haɗiya ta hanyar abinci yake wucewa, ba ya taɓa tantanin nan, da ya taɓa su da ka ƙware. Abin da yake warkar da su shi ne shiru, da barci, da ruwan da ka sha tun awanni kafin ka hau, da turirin ruwan zafi da ka shaƙa. Raɗa ba hutu ba ce, ita ma matsa musu take yi, haka yawan gyaran murya da kaki. In za ka yi magana ka yi ta a hankali da muryarka ta kullum, in ba dole ba ka rubuta a waya ka nuna. Dishewar da ta wuce mako biyu zuwa uku kuma ta wuce maganin gida, sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Akwai wani abu da ake miƙa wa yara a bayan dandali, kuma ba zan yi shiru a kansa ba. Wani zai ce sha wannan ka ji ƙarfi, sha wancan tsoro ya tafi. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa, musamman a nan Arewa, amma shi da tiramadol ba su daina yawo a jakunkuna ba. Ƙwaya ba ta cire gajiya, ɓoye ta take yi. Zafin da kake ji a maƙogwaro saƙo ne cewa ka tsaya. In ka kashe saƙon ka ci gaba da rerawa, ɓarnar tana nan tana ƙaruwa, kai ne kawai ba ka ji. Shisha da sigari kuwa hayaƙinsu a kan tantanin nan yake bi kai tsaye.

Ni ma na taɓa yin irin makon yaron nan, shi ya sa hankalina ya tashi da na ga wayarsa. Ina cikin ƙuruciya, bayan wata Ƙaramar Salla, na riƙe taro dare uku a jere a Kano, na ukun muka tashi wajen ƙarfe ɗaya. Ban kwanta ba, da asuba muka ɗauki hanya: Bichi, Tsanyawa, Kankiya, Katsina, Jibiya, muka tsaya dogon jira a kan iyaka, sannan Ɗan Isa, sai Maraɗi. Gilashin motar ba ya rufuwa, iska da ƙura suna dukan fuskata tun daga gida, muna ta hira da ihu don direba kada ya yi gyangyaɗi. Mutanen Maraɗi suka tarbe mu da karamcin da aka san su da shi. Da dare fili ya cika, mata da yara har kan katanga. Na yi waƙar farko da ƙyar. A ta biyu na buɗe baki zan hau, sai iska kawai ta fito. Na sake gwadawa, ba komai. Akwai wani dattijo a sahun gaba da ya ɗora jikansa a kafaɗa don ya hango ni, har yau ina ganin fuskarsa. 'Yan amshina ne suka rufa mini asiri suka ƙarasa. Mutanen nan kuɗinsu suka biya, wasu daga ƙauye suka zo, kuma abin da na kai musu ragowar dinar Kano ce. Wata guda na yi ban karɓi aiki ba.

Daga baya na lura da hikimar magabata. Mamman Shata ya zaga ƙasar nan da maƙwabtanta shekaru da dama kafin rasuwarsa a 1999, yana waƙa mai tsawo, amma ku saurari yadda aka gina ta: ya faɗi nasa, 'yan amshi su karɓa, kalangu ya cike, shi kuma ya numfasa. Haka Barmani Choge da matan da ke kaɗa mata ƙwarya. Ɗan Maraya Jos shi kaɗai yake waƙa, amma kuntigi ɗan ƙaramin abu ne mai taushin sauti, ba ya tilasta wa mai shi ihu. Hutun yana cikin waƙar tun asali. Ku kuwa kuna hawa ku kaɗai a kan kiɗan kwamfuta da ba ya gajiya, ba ya jira. Ku nemi ɗan amshi ko biyu, ku biya su haƙƙinsu, ku jera waƙoƙinku yadda mai wuya ba za ta bi mai wuya ba.

Hanya kuma ba murya kaɗai take ci ba. Ranar 1 ga Janairun 2007, cikin bukukuwan Babbar Salla, Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota a yankin Azare, yana kan hanyar zuwa wasa a Maiduguri, yana tsakiyar tashensa. Allah ya jiƙansa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, mun yi imani da haka, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Lokacin Salla da ƙarshen shekara ne aka fi kiran mawaƙa, kuma lokacin ne tituna suka fi cika da direbobin da ba su yi barci ba. Kada ka karɓi wasan da ba za ka isa ba sai da tafiyar dare ko gudun wuce sa'a. Kada wanda ya kwana a tsaye tare da ku a wajen biki ya kama sitiyari da asuba. In mai taro yana son ka da gaske, zai biya kuɗin kwana ɗaya don ka iso da rana ka huta. Kafin ka tsallaka iyaka kuma ka tambayi halin da ake ciki, domin an rufe ta a 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ka riƙe takardunka cikakku, ka canji 'yar sefarka tun a Wapa kada ka dogara da abin da za a ba ka a can.

Kuɗi ma a yi maganarsa tun ana shiri. Nawa ne, wa zai biya mota, wa zai biya masauki, nawa ne kafin alƙalami, yaushe za a cika. A rubuta, ko da a saƙon waya ne. Kunya ce take hana yara tambaya, sai an gama wasa a nemi mai taro a rasa, wayarsa a kashe, ga ka a garin da ba ka san kowa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da yake cinye wasa sukutum. Ka zauna da biro ka cire mota, da abinci, da haƙƙin yaranka, da ɗinkin da ka yi don taron. Sau da yawa za ka tarar wasan nesa da ka fi ɗoki shi ne wanda bai bar maka komai ba. Wani lokaci yana da kyau a je duk da haka, don sabon gari ya san ka. Amma ka je da saninka.

Abin da ya fi wuya a wannan sana'a shi ne cewa a'a. Wanda ya daɗe yana jira gani yake in ya mayar da aiki ɗaya ba za a sake kiran sa ba, sai ya karɓi biyu a dare guda, ya yi rabi a nan ya ruga can, ya ɓata wa gida biyu. Abin da na gani da idona akasin haka ne. In ka ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, na riga na ɗauki alƙawarin wani a ranar, amma ga wane, zai yi miki yadda kike so," ka sami abu uku: ta san kai mai alƙawari ne, ɗan'uwanka ya sami aiki, kuma watarana shi ma zai turo maka. Masu biki suna hira da junansu fiye da yadda kuke zato, kuma abin da suke tambaya kafin zaƙin murya shi ne, "Yana zuwa a kan lokaci?"

Yaron nan mun daɗe muna magana a ranar har aka kira magariba. Bai ji daɗi ba da farko, na gani a fuskarsa. Daga ƙarshe ya kira mutanen Kaduna ya ba su haƙuri tun da sauran kwana bakwai, ya haɗa su da abokinsa. Amshin Talata ya roƙa aka mayar da shi mako na gaba. Ya tafi Maraɗi da safiyar Juma'a, ya rufe wuya da hanci da rawani, ya kwana, ya yini bai yi magana ba sai gaisuwa. Ranar Lahadi da yamma ya kira ni daga Katsina, muryarsa garau.

Kai ma da kake karanta wannan, ɗauko wayarka ka duba makon da ke tafe. In ba ka ga rana ɗaya da ba kowa a cikinta ba, don Allah ka kira mutum ɗaya yau ka ba shi haƙuri, tun yana da lokacin neman wani.